Bargon Filomena

Duk garin Collefreddo an san Filomena ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ko a coci, kafin Fada Erminio ya kai rabin huɗuba ta miƙe ta gyara kyandir, ta dawo, ta sake miƙewa. Marigayi mijinta yakan ce kujerun gidansu ba za su taɓa tsufa ba. Tela ce tun tana budurwa, kuma ita ke ɗinka kayan wasan Kirsimeti da ake yi a tsohon garken tumaki na bayan coci, tun daga rigar Maryamu har gemun Yusufu.

Al'adar garin ita ce, jaririn da aka haifa a ƙarshe shi ake kwantarwa a komin dabbobi a matsayin Yesu. Ɗanta Ettore ma ya kwanta a ciki, naɗe da bargon ulu da ta saƙa da hannunta, kuma da bargon ake amfani har yau. Sai dai matasa sun watse birane, gari ya koma na tsofaffi da maguna. Shekara da shekaru 'yar tsana ta roba ake kwantarwa, mai ido ɗaya a lumshe, kuma duk sanda Filomena ta naɗe ta sai ta ji kamar garin ne aka yi wa likkafani.

Bana Ettore ya bugo waya daga birnin Bologna, ya ce za su zo hutun sanyi, shi da matarsa Ilaria da jaririyarsu Nives, su huta su kalli wasa. Kafin la'asar Filomena ta zaga gari kaf tana shela cewa bana jinin gari ne zai kwanta a komi.

"Ke Filomena, kin dai tambayi uwar ɗiyar ko?" in ji maƙwabciyarta Addolorata ta taga.

"Tambayar me? Jikata ce ko aronta na yi?"

"To, Allah ya raba ki da jin kunya. 'Yan birnin nan ko iska ba sa bari ta taɓa musu ɗa."

Ranar zuwansu dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Filomena ta leƙa taga, ta buɗe ƙofa, ta rufe, ta koma madafa ta tarar miyar wake ta kama, ta sake leƙa taga. Da suka iso, ashe ɗaki suka kama a masaukin baƙi na gindin dutse, wai ya fi ɗumi. Wannan ya sosa mata rai, amma ta haɗiye. Ana cikin cin abinci ta fito da maganar kwantar da Nives a komi, kamar wadda aka riga aka gama.

Ilaria ta ajiye cokali. "A garke, Mama? Cikin wannan sanyin? Yarinyar da ko wuyanta bai tsaya ba?"

"Mijinki ya kwanta a wurin, ga shi nan ƙato. Me ya same shi?"

"Har yau da tari yake tashi. Ki yi haƙuri, Mama, ba zan iya ba."

Ettore ya sunkuyar da kai yana juya miya. Filomena ta ji haushinsa ya fi na matar. Daga nan ta ɗaure fuska, ta ƙi ɗaukar jikar ko sau ɗaya, alhali hannunta har ƙaiƙayi yake yi.

Washegari da yamma gari ya hallara a garke. Da idon kowa ya sauka kan 'yar tsana, sai aka yi ta satar kallon Filomena, ita kuwa tana ta kai da komo a bayan labule, tana gyara fukafukan mala'iku da babu abin da ya same su. Su Ilaria na can layin baya, kusa da ƙofa.

Aka zo wurin da makiyaya ke shigowa da kyauta, wuri ya yi tsit. Sai Nives ta callara kuka.

Kowa ya juya. Tsoho Nicandro, wanda tun yana saurayi yake fitowa a makiyayi, ya tsaya cak da cukunsa a hannu. Ya dubi komi, ya dubi ƙofa. Sai ya ba komi baya, ya ratsa mutane yana ɗingishi, ya cire hula, ya durƙusa gaban Ilaria. Baitin da ya haddace ya ɓace masa, abin da ya fito kawai shi ne, "Sannu da zuwa, 'yar nan. Mun daɗe muna jira." Sauran makiyayan suka bi bayansa, Addolorata na share hawaye da gefen ɗankwali.

Ilaria ta rasa abin yi, yarinya kuma ta ƙi yin shiru, iska na shigowa ta ƙofa. Ta ɗago ido ta nemi surukarta. "Mama, sanyi take ji."

Filomena ta fito daga bayan labule, ta wuce Maryamu da Yusufu, ta fizge bargon daga jikin 'yar tsana, ta bar ta tsirara a komi a gaban Fada. Ta karɓi jikarta ta naɗe ta tsaf, ta zauna a bencin baya. Har aka tashi daga wasan ba ta motsa ba.