Yadda Aka Kai Hajiya Rabi Bakin Teku

Hajiya Rabi ta zo Woodbridge, kusa da Washington, wankan jego ne, da Mubina, autarta, ta haifi na uku. Kafin nan tana Haɗeja, tana sayar da man gyaɗa, ba ta taɓa roƙon kowa ya kai ta ko'ina ba. Aka yi arba'in, Mubina ta koma asibitin da take aiki, mijinta Misbahu kuwa tun asuba yake bin jirgin ƙasa zuwa Washington. Goyo da girki da kai yara bakin motar makaranta duk suka koma kan tsohuwa.

Bizar ziyara wata shida take ba mutum a kowace shiga, Hajiya kuma ta san haka. Da lokaci ya matso ta ɗaure kayanta, don yayarta Umaima na kwance a gida, ciwon ƙafa ya ƙi jin magani.

"Umma, haba! Ki tafi ba ki ga duniya ba?" in ji Mubina. "Za mu kai ki Turkiyya ki huta, daga can sai gida."

Garin sunansa Alanya. Akwai tsohuwar ganuwa a kan dutse, da wata jar hasumiya a bakin ruwa, da rairayi mai laushi kamar garin tuwo. Ranar hawa ganuwa aka ce keken jariri ba zai bi duwatsun ba, aka bar Hajiya a gindin dutse da yaro. A bakin teku aka ba ta lema da jakunkuna da takalman kowa. Surukinta ya fito da gajeren wando, ta juya masa baya don kunya, wato ta juya wa tekun baya kenan. Abin da ta gani sosai shi ne bangon otal da wani mai sayar da dafaffiyar masara.

"Umma, yi murmushi mana, sai ka ce an yi miki dole," Mubina ta ce, tana ɗaga waya. Hoton ya je wa dangi kafin la'asar. Aka yi ta rubuto, "Allah ya yi miki albarka, Mubina, kin gama wa uwa komai."

A filin jirgin Istanbul Hajiya ta nemi ƙofar masu zuwa Najeriya.

"Ai ba a samu kujera ba, Umma. Mu koma tukuna, sai a shirya."

Mubina ba muguwa ba ce, ko a ranta ba ta kira abin da sunansa ba. Ta dai ji a wurin wata ƙawarta cewa in baƙo ya fita ya dawo, akan sake masa sabon lokaci. A filin jirgin Dulles na Washington jami'in shige da fice ya daɗe yana jujjuya fasfon Hajiya, ya yi tambayoyi, sannan ya miƙo shi. Mubina ta saki wata ajiyar zuciya da uwar da ta haife ta ba za ta kasa fassarawa ba.

A mota Hajiya ta ce, "Auta, wata nawa suka ƙara miki?"

"Miki dai, Umma."

"Na ji. Nawa?"

Mubina ta kalli titi. "Shida."

Hajiya ta gyara wa jaririn hula. "To ara mini wayarki. Ni zan faɗa wa Yaya Umaima kada ta jira ni. Ke ba za ki iya ba."