Hanyar Gwandu da na'ura ta manta

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata safiyar damina a Kalgo ba. Lokacin ina aikin haɗa kwamfutocin ƙananan asibitoci, don likitan Gwandu ya riƙa duba marasa lafiyar ƙauye ta allo.

Ruwa ya cinye hanya, sai a kwale-kwale na isa wani asibiti a bakin fadama. Shinkafa ta nutse, balbelu sun yi fari fat a kan bishiyoyi, ni kuwa ina jin kamar ban gama farkawa ba. A baranda na tarar da wata tsohuwar Bafulatana a zaune. Mijinta na kwance a asibitin Gwandu, jiki ya yi tsanani, ya ce a nuna masa ita. Allo kuwa ya ƙi.

Ungozomar asibitin ta ce, “Jiya da hadari ya taso na kashe komai, ka san tsawa ba ta da wasa.”

Ban ga laifinta ba, kowa a nan haka yake yi. Amma waɗanda suka kafa na'urar da hannu suka buga mata hanyar da kira zai bi ya kai Gwandu, ba su adana ba, ana kashewa ta manta. Ga shi manhajar kira tana rigan sadarwa tashi, ta laluba ta rasa, ta yi shiru abinta. Na zauna na rubuta hanyar a inda na'urar ke karantawa da zarar ta farka, na tsara mata: sadarwa tukuna, sannan hanya, sannan kira. Sai na kashe don in gwada.

“Ɗana, kai ma kashewa ka yi?” in ji tsohuwar.

“Inna, burtali na shata mata. Yanzu ko ba makiyayi za ta kai kanta.”

Na sake kunnawa. Fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya, can sai ga fuskar tsoho a kan matashi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, “Kin tatsi naggen?”

Ta ce, “Na tatsa.” Ta ɗora tafinta a kan allo, ba wanda ya hana ta.

Tsohon bai kai Juma'a ba, Allah ya yi masa rasuwa. Tun daga ranar ba na barin aiki sai na kashe na kunna na ga ya tashi da kansa, don ban san wa zai zo yana jira ranar da ba na nan ba.