Ta Ɗauki Kara

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana, Hamma Sale, kuma bana ne karon farko da na gode wa Allah da bai kawo shi wannan zamani ba. Na san maganar ba ta da daɗin ji. Ku daure ku karanta, sannan ku yanke mini hukunci.

Hamma manomi ne, yana shinkafa da rake a fadamarmu ta gado da ke bayan unguwarmu Manawashi. Amma da kallon tsuntsu aka fi saninsa. Sai ya yar da fartanya a tsakiyar aiki ya zuba wa zalɓe ido har rana ta take. Matarsa takan ce tsuntsayen fadama sun fi ta sanin fuskarsa. Ranar da aka samu 'yancin kai, duk Gombe ta tafi kallon sabuwar tuta, shi kuwa yana cikin taɓo har gwiwa, wai wasu baƙin tsuntsaye masu dogon baki sun sauka. Mun yi ta tsokanarsa, bai ko kula mu ba.

A bakin fadamar akwai wata tsohuwar tsamiya da shamuwa ke sheƙa a kanta kowace shekara. Manoman wajenmu ba sa shuka don an yi ruwan farko, ba sa kuma shuka don an ga shamuwa ta iso. Jira suke Hamma ya gan ta da kara a baki tana shirin sheƙa. Ran da ya shigo unguwa ya ce “ta ɗauki kara”, ran nan ake fito da iri. A ciwonsa na ajali bai yi mana zancen gona ko shanu ba. Tsamiyar nan kaɗai ya bar mana amana.

To, ga mu yau. Kuɗin man fetur ya shigo, kowa ya zama ɗan kwangila. Tifa na juye jar ƙasa a inda jinjimi ke kiwo, ruwan feshin auduga na gangarowa yana kashe kwaɗi, abin da ya rage na tsuntsu kuma 'yan bindiga sun sa shi gaba. Kukan zakaran ƙeƙuwa da ke hana mu hira, yanzu sai ka wuni ba ka ji shi ba. Ana ce mana ci gaba ne. Da Hamma zai leƙo, wa zai fara tambaya?

Ɗansa zai fara tambaya. Buba, babban ɗansa, shi ma ɗan kwangila ne. Watan jiya ya tara mu addu'ar mahaifinsa a sabon gidansa da ke unguwar Madaki. A tsakar gidan, kan siminti, na tarar da gauraki biyu an datse musu fukafukai.

“Bappa, don tunawa da Baba na sa aka kamo su,” in ji shi, yana jiran in sa masa albarka.

Raina ya ɓaci har na kasa cin abincin. Kafin in tashi kuma ya ja ni gefe, wai zai kafa injin bulo a bakin fadama, tsamiyar ta tare masa hanya. Na tuna masa amanar ubansa, na ce muddin ina numfashi ba za a taɓa ta ba. Ya sunkuyar da kai ya ce to, Bappa. Ashe ya riga ya yi magana da masu gatari. Ko karar jiran mutuwata bai yi mini ba.

Me ya rage na Hamma ke nan? Ba fadamar ba, ba kuma ɗan da ya haifa ba. Maganarsa ce ta rage. Har yau tsofaffin Manawashi na tare ni a hanya su tambaya ko ta ɗauki kara, don irinsu na ajiye.

Shekaranjiya na je wajen. Na tarar da shamuwa ɗaya tsaye kan tarin bulo, kusa da kututturen tsamiyar da aka sare, da kara a bakinta. Ta tashi, ta kewaya, ta dawo ta sauka, karan na nan. Da na dawo unguwa wata tsohuwa ta tambaye ni, na ce mata eh, ta ɗauka. Ban gaya mata cewa ba ta da inda za ta sa shi ba.