Kaset ɗin yayana mai gogen Turawa

Yayana bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, hotonsa ma guda ɗaya ne, na jikin takardar aiki, wanda ya fito a ciki kamar an kama shi da laifi. Abin da ya bar mini da zan ce wannan shi ne, kaset ne guda ɗaya, gefe ɗaya, rabin awa na kiɗansa. Yana da shekara ashirin da bakwai zazzaɓi ya kwantar da shi a watan Shawwal, kwana tara ya tafi.

A unguwar Karantina ta Jidda aka haife mu, mu biyu kawai muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Babanmu ya rasu muna ƙanana. Yaya ya fara aiki da wuri, ya zama direban wani tsohon injiniya Bature a arewacin Jidda. Tsohon yana da wani abin kiɗa na katako mai tsirkiya huɗu, tsayinsa ya kusa kai ƙirjin mutum, a zaune ake kaɗa shi, a rungume tsakanin gwiwoyi ana goga masa baka. Yaya yana ce masa calo, mu kuwa gogen Turawa muke cewa. Wata rana tsohon ya ji shi yana wanke mota yana bin kiɗan calon da hanci ba tare da kuskure ba, sai ya kira shi ciki. Shekara shida yana koya masa, har da karatun baƙaƙen kiɗa a takarda. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa abin kyauta.

Inna ta ce ba a gidanta ba. Ita a Sudan ta girma, a wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi, kuma a saninta goge na 'yan bori ne, shi ake kiran iskoki da shi. Yaya ya yi bayani har ya gaji, cewa wannan kiɗan zaune ake saurarensa, babu rawa babu faɗuwa. Ta ce ƙaramin goge ma ya ya aka ƙare da shi, balle wanda ya ci ya ƙoshi haka. Dariya ya yi, ya saɓi abinsa ya kai wani sito na ɗan kasuwar atamfa a Bab Makka, inda aka ba shi kusurwa tsakanin dilolin yadi.

Ni nake kai masa abincin rana ranar da ba ni da aiki, don a lokacin ina shara a wani asibiti. In na shiga ba ya ko ɗaga kai. Nakan zauna a kan dila in jira shinkafar ta huce, shi yana ta maimaita wuri ɗaya sau ashirin, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ban san sunan ko ɗaya daga cikin abin da yake kaɗawa ba. Na dai san akwai wani mai sanyi, mai kauri kamar muryar dattijo, da in ya fara shi sai in ji kewar mutanen da ban taɓa gani ba. Turawan ofisoshin jakadanci sukan gayyace shi gidajensu ya kaɗa musu, su yi tafi, su ce ya kamata ya tafi waje ya ƙara karatu. A unguwarmu kuwa direba ne mai ɗan taɓin hankali. Ni kaɗai ce a cikin dangi na taɓa zama na ji shi, kuma na san hakan yana ci masa rai ko da bai faɗa ba.

Wata biyu kafin ya kwanta ya ari rakodar maƙwabciyarmu, ita kaɗai ke da ita a layin, ya ɗauki kansa a siton. Ya ce zai aika wa tsohon malaminsa ne, amma bai gamsu ba, sai ya sake. Ya miƙo mini ya ce in ajiye. Ko rubutu bai yi a jiki ba.

Bayan sadakar bakwai kawunmu ya zo ya share duk abin da ya shafi kiɗa. Calon ya ba wa wani makaɗi Bamisire, takardun ya ƙona, wai kada su zame wa mamaci nauyi a kabari. Na yi faɗa har muryata ta dishe, babu wanda ya kula ni. Da na ga ya fara buɗe akwatuna, sai na nemi wurin da hannunsa ba zai kai ba. Inna tana da yaya da ta rage a Sudan, kuma tun da kaset ya shigo da shi suke wasiƙa, tunda ba mai karatu a cikinsu. In na can ya zo, a saurara a saurara, sannan a ɗauki amsa a kansa a mayar da shi ta hannun alhazai. Kaset ɗinta na ƙarshe yana cikin kwanon tasa a ɗakin Inna. Na zare shi daga gidansa, na sa na Yaya a ciki. A raina na yi dabara.

Wata biyu ina kwana ina tashi da sanin yana nan. Ban saurare shi ba ko sau ɗaya, don aron rakoda sai an tambaye ka me za ka ji. Gidan ya yi mana girma. Inna tana ɗakinta da carbi, ni ina nawa, mu haɗu a kan abinci mu ci ba magana. Ina jin haushinta, kuma ba na ɓoyewa sosai.

Bayan aikin hajji wani alhaji ɗan ƙauyensu ya biyo ta gidanmu da safe, ya ce da la'asar zai shiga jirgin ruwa, in akwai saƙo a shirya. Ina wurin aiki. Da na dawo bayan azahar na tarar da Inna da maƙwabciyarmu a tsakar gida, rakoda a kan tabarma, idanun Inna sun kumbura. Maƙwabciyar ta ce halas, sun gama, in zo in ji ko ya ɗauku da kyau. Na ga gidan kaset ɗin a buɗe kusa da kwanon tasa. Na zauna a inda nake.

Na mayar da shi farko na danna. Muryar Inna ce, tana gaishe da yayarta, tana gaishe da kowa da sunansa, har jikokin da ba ta sani ba. Sannan ta faɗi rasuwar, tun daga ranar da ya ce kansa yana ciwo har zuwa wanka. Ban taɓa jin ta faɗa da bakinta ba sai ranar. Tana yi tana tsayawa, kaset yana ta tafiya a kan kukanta. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, lissafin mintoci nake yi. Da sun juya ɗaya gefen, babu komai a kansa.

Ta yi sallama, aka ji ƙarar maɓalli, sai kiɗan ya shigo daga tsakiya, wannan mai kaurin. Maƙwabciyar ta kai hannu za ta kashe, na riƙe ta. Abin da ya rage bai fi minti huɗu ba. Ana jin numfashinsa a ciki, ana jin wani mai amalanke yana neman hanya a waje.

"Wannan wane ne?" in ji Inna.

"Shi ne, Inna."

Kiɗan ya ƙare. Sai ta ce in sake sa mata. Sau uku muka ji. A na uku ta tambaye ni ko haka yake yi kullum, na ce haka yake yi, wani lokaci ma ya fi haka.

Na roƙe ta ta sake ɗaukar saƙon a kan kaset ɗin yayarta na gaskiya, yana ƙarƙashin matashina, akwai sauran lokaci kaɗan. Ta gwada. Na danna mata, ta yi sallama, ta gaishe da mutum biyu, ta tsaya.

"Ba zan iya faɗa sau biyu ba," ta ce.

Na ce to ni zan faɗa. Ta ce yayarta ita ta goya shi yana jariri lokacin da ta zo hajji, ba za ta ji mutuwarsa daga bakin yarinya ba. Na so in yi ihu, amma na kalli fuskarta na kasa. Alhajin yana ƙofa yana cewa yalla, a yi sauri, mota tana jira. Da hannuna na naɗe kaset ɗin a ƙyalle na ba shi. Na bi shi har bakin titi ina jaddada masa ya gaya musu kada su ɗauki amsa a kan wannan, su nemi wani. Ya ce in sha Allahu, yana ƙirga jakunkunansa.

Shekara guda muka jira. A cikinta Inna takan ce in kwatanta mata yadda yake zama, yadda yake riƙe bakan, ni kuma in kwatanta da muciya. Wannan ce kusan duk hirarmu.

Da alhazai suka dawo, kaset ɗin ya zo a cikin ƙyallen da na naɗe shi. Inna da kanta ta je aro rakoda. Muryar yayarta ce tun daga farko, ta'aziyya, addu'a, sannan mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa. Muna zaune muna kallon zaren kaset ɗin yana raguwa. Dab da ƙarshe tsohuwar ta sake karɓa, ta ce af, ta manta, sun ji wani kiɗa a bayan maganar Inna, ba su san na wane ne ba, amma yara sun so shi. Tana cikin gaisuwar ban kwana zaren ya ƙare.