Hotunan Inna da Kifin Kawu

Shekarun baya, a shekarar da muka yi rashin Inna, aka ba ni amanar da ta kusa salwanta a hannuna. Hotunanta duka a wayata suke, don ni ne nake zaune da ita a Yelwa, ni ne kuma mai ɗauke-ɗauken hoto a gidan. Ƙanwata da take aure a Minna ta taɓa samun wasu ta gurup ɗin gidanmu, amma wayarta ta faɗa cikin bokitin wanki, komai ya tafi. Ranar addu'ar arba'in ta ja ni gefe, ta ce in yi wa Allah in adana hotunan nan inda ba za su ɓace ba, kuma inda za ta riƙa ganinsu daga can. Na bugi ƙirji na ce ta bar komai a hannuna. Duk wanda ya san ni ya san ina da son a ce na iya.

Da farko na so in zuba su a shafina na sada zumunta, kowa ya gani ya yi mata addu'a. Da na faɗa wa ƙanwata sai ta ce, "Yaya, Inna ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba mayafi tana raye. Yanzu da ta kwanta dama ne za ka kai ta kasuwa?" Na ga gaskiyarta, don rabin hotunan a tsakar gida na ɗauke su, tana tsintar shinkafa ko tana kishingiɗe a tabarma da ɗaurin ƙirji.

Sai na nufi wani abokina da muke koyarwa a makaranta ɗaya, mutumin wajen Shanga. Ya san kan waya sosai, sai dai yana da dogon bayani. Ya ce akwai manhajoji da aikinsu kawai ajiyar hoto, kamar rumbu a intanet, sai wanda ka ba izini yake shiga. Ya nuna mini guda biyu. Ɗaya mai ƙyalƙyali ce, tana alkawarin fili mai yawa kyauta, har tana yi wa hoto kwalliya da furanni. Ɗayar kuwa ba ado ko kaɗan, filinta ma ba shi da yawa. Shi ta biyun ya fi so. Ya zauna yana ta lissafo mini dalilai, wai a duba wa yake iya ganin abin da ka ajiye, wai a duba yadda za ka koma ciki idan waya ta ɓata, wai har abin da zai faru idan an goge hoto bisa kuskure. A nan na katse shi da dariya, na ce wane mahaukaci ne zai goge hoton uwarsa.

Ni dai mai ƙyalƙyalin na sauke, kar in yi muku ƙarya. Na ɗora hoton Inna guda ɗaya don gwaji. Yana buɗewa sai ga tallar caca ta faɗo a ƙarƙashinsa, da wata mata tana rawa. Raina ya ɓaci, nan take na cire hoton, na cire manhajar. Haka na koma wa waccan marar adon, ba don na fahimci ko ɗaya daga cikin bayanan abokina ba. Kwana uku na yi ina ɗora hotunan a hankali saboda halin natuwok ɗinmu. Da na gama na tura wa ƙanwata sunan shiga da lambar sirri gaba ɗaya, na ce ga rumbun nan, ta shiga duk lokacin da ta so. A makaranta kuwa na yi ta ba malamai shawara kan ajiyar hoto kamar ni na ƙirƙiro abin.

A danginmu waya ba ta tsufa a hannun mutum ɗaya. Idan ka sayi sabuwa, tsohuwar ta riga ta san gidan da za ta. Bayan 'yan watanni na canza waya, tsohuwar kuma ta faɗa hannun kawuna, ƙanen Inna, masunci ne a Warra. Ya daɗe yana son mai kyamara, don masu sayen kifi daga nesa yanzu sai sun ga hoton kamu kafin su taso. Na goge masa waƙoƙina da lambobina da saƙonnina, na miƙa masa ina jin na yi abin kirki. Manhajar rumbun kuwa na bar ta a buɗe da sunana, ban ma tuna da ita ba. A sabuwar wayar ban sauke ta ba. Kullum sai in ce gobe, amma gaskiyar magana ita ce ban shirya sake kallon fuskar Inna ba.

Ana nan sai ƙanwata ta haifi ɗiya mace, aka ce sunan Inna za a mayar. Ranar Asabar da yamma, saura kwana uku suna, ta kira ni. Ta ce tana son a wanko hoton Inna babba a kafa a ɗaki kafin baƙi su zo, amma ta shiga rumbun ba ta gane abin da take gani ba.

"Yaya, kifi ne a ciki."

Na ce ta daina wasa. Ta ce wallahi kifi ne, babu Inna ko ɗaya. Na sauke manhajar, na shiga. Giwan ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa cikin kwando, kifin banda a kan ragar ƙarfe, wani hoton ma babban yatsan ƙafar Kawu ne kawai da gefen kwale-kwale. Na ja ƙasa, na ja sama, na sake ja. Babu Inna. A lokacin na gane cewa wayar Kawu da rumbun abu ɗaya suke, duk abin da ya ɗauka yana hawa can, duk abin da ya goge kuma yana gogewa a can. Kuma ainihin hotunan a cikin wayar tasa suke, ba ni da su a wani wuri. Na ce wa ƙanwata matsalar natuwok ce, gobe zan gyara. Ta ce to, muka ajiye waya.

Na kira Kawu, waya a kashe. Abokina kuwa ban kira shi ba, girman kai ya hana ni. Washegari da sassafe na hau motar Warra, ina tafe ina shirya maganganun da zan faɗa. A raina na gama yanke wa Kawu hukunci: ya share 'yar'uwarsa don ya samu wurin zuba kifi. Har direba sai da ya tambaye ni ko lafiya, don ashe a fili nake ta ƙunƙuni.

Na same shi a bakin ruwa ƙarƙashin wata bishiya, yana ɗinkin komar kamun kifi. Duk zafin da na kwaso, dole na durƙusa na gaishe shi, muka yi ya gida ya ruwa ya mai jego. Sannan na tambaye shi ko ya ga wasu hotuna a wayar. Bai ko ɗaga kai ba.

"Ni nag goge su," in ji shi. "Wagga waya da kab ba ni, kullum da sahe sai ta hiddo min huskar yayata, ba ni na tambaye ta ba. Ina cikin jirgi, ga mutane, in buɗe in ɗauki kihi, sai in gan ta tana kallona. Ita tag goye ni, ka sani. Ba ni iyawa, ɗana."

Ashe manhajar tana da wata ɗabi'a ta ɗauko tsofaffin hotuna da kanta ta nuna wa mutum, wai tuna baya. Kawu ya yi wata da watanni yana haɗiye wannan shi kaɗai. Ya ce rannan ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, yana yi mata addu'a. Ya ƙara da cewa ai ya aza nawa suna wurina.

Na ce masa babu nawa. Na ce waɗannan su ne duka, kuma sun tafi a ko'ina.

Sai ya ajiye komar. Ya dube ni, ya dubi ruwa. Mutumin da na sani tun ina yaro da tsawa da dariya mai ƙarfi, na ga ya tsufa a gabana. Duk maganganun da na tsara a mota suka bi iska, kunya ta rufe ni. Shi ya goge, amma ni na miƙa masa rumbu a buɗe ban ce masa komai ba. Ni da na kasa kallon hotunan ko sau ɗaya, na bar su suna faɗo masa kowace safiya.

A nan girman kai ya ƙare. Na hau tudu inda waya take kamawa, na kira abokina. Bai ɗauka ba, sai na tuna Lahadi ce yana coci. Na yi ta safa da marwa a kan tudun nan kusan awa guda, Kawu yana zaune inda na bar shi. Da abokina ya fito ya kira ni, na zayyana masa komai ban rage ba. Na zaci zai tuna mini da dariyar da na yi masa, amma bai yi ba. Ya ce wannan manhajar ba ta zubar da abu nan take, tana da kwandon shara da take ajiye abin da aka goge har kamar wata guda, daga nan sai ta share shi har abada. Ya tambayi yaushe aka goge.

Na ƙwala wa Kawu tambaya daga kan tudu. Kawu ba ya lissafi da kwanan wata, da kasuwa yake yi. Ya ce kasuwar Warra, mai ci mako-mako, ta ci sau uku tun ranar. Har na fara sakin numfashi sai ya ce a'a, akwai wadda bai je ba saboda iska, huɗu ke nan. Abokina yana ji ta cikin waya. Ya ce, "To ka bar magana ka duba."

Ya yi ta kwatanta mini inda zan danna, ni kuwa ina bi. Na sami kwandon a wani lungu da ban taɓa leƙawa ba. Na danna, 'yar da'irar nan ta fara juyawa. Ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa. Ban san lokacin da na fara salati ba. Sai ƙananan hotuna suka fara fitowa layi-layi, ga Inna tana tsintar shinkafa, ga ta ranar sallah, ga na asibiti. A saman kowanne an rubuta kwanakin da suka rage masa, kuma ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Na zaɓe su duka na mayar. Sannan na zauna daɓas a ƙasa, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ƙanwata ta samu hotonta, aka wanko shi, aka kafa kafin ranar suna. Sai bayan an watse na faɗa mata gaskiya, ta ce ai tun a waya ta gane, ta dai bar ni da Allah ne. Daga nan na koma wurin abokina na ce ya maimaita mini dogon bayanin nan, wannan karon da kunne biyu. Na canza lambar sirri. Na yi wa dangi hanyar da za su kalla kawai ba su iya gogewa. Na kwafe hotunan a katin ajiya, na ba ƙanwata ɗaya, na kuma wanko wasu na sa a akwati. Har yau idan na ji wani yana neman inda zai ajiye hotuna, yana tambayar wanne ne ya fi fili ko ya fi kyau, sai in ce masa ya fara tambayar abin da zai faru ranar da aka yi kuskure. Kuskuren kuma ba lallai daga maƙiyi ko ɓarawo zai zo ba, nawa daga ni da mutumin da ya fi kowa son Inna ya zo. Ban zaɓi manhajar nan da wayo ba, Allah ne ya rufa mini asiri, kuma duk sanda na tuna kwanakin da suka rage sai na ji gabana ya faɗi kafin in yi hamdala.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne abin da ya biyo baya a bakin ruwan. Na sauko daga tudu na nuna wa Kawu, ya yi ta shafa fuska yana godiya ga Allah. Na karɓi wayarsa zan fitar da sunana daga manhajar, don kar ta ƙara tayar masa da hankali. Sai ya riƙe hannuna, ya ce in bar masa guda ɗaya, wanda ba zai fito ba sai shi ya nema. Na fara nuna masa masu kyau, na sallah, da wanda ta sha leshi tana murmushi. Duk ya girgiza kai. Ya karɓa yana ja da kansa da wannan kaurin yatsan nasa, har ya tsaya a kan wani da ban ma san na ɗauka ba. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi, Inna ta haɗe rai, ta ɗaga ludayi tana yi wa wani faɗa.

"Wanga za ka bar min," in ji Kawu. "Sauran duk kunyar waya taka ji. Wagga ita ta yayata."