Ƙarar da Yalwa Ta Janye a Jega

Yalwa haifaffiyar Kimba ce, aure ya kai ta Aliero gidan Surajo, direban babbar mota mai kai albasa Kudu. Suna zamansu lafiya da 'ya'yansu uku, sai wata shekara mota ta kife da shi a hanyar Yawuri. Ya rayu, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba.

Abinci ya ƙare a gidan, aka sayar da awaki, aka sayar da katifa. Da abin ya yi tsanani, yayanta Lauwali ya zo ya kwashe ta da yaran zuwa Kimba. Shi ya yi ta matsa mata har ta kai ƙara kotun shari'a a Jega, tana neman a raba auren saboda rashin ci da sha. Ba don ta daina son mijin ba, yunwar yaran ce ta fi ƙarfinta.

Ranar zama, 'yan'uwan Surajo suka shigo da shi a ɗauke, suka ajiye shi bisa tabarma. Alƙali ya tambaye shi ko yana da ja.

"Allah gafarta malam, ba ni da ja," in ji Surajo. "Gaskiya ta faɗi. Roƙona guda, ko an raba mu, fadamata a bar mata ta noma. Ɗiyana su ci."

Yalwa ba ta taɓa tunanin fadamar nan ba, don tun da ya kama tuƙi fadamar take kwance ba mai taɓa ta. Ta dube shi, ta ga yadda ya rame, sai ta miƙe.

"Malam, na janye ƙarata."

Lauwali ya zabura. "Ke Yalwa, mi kike yi haka?"

"Yaya, ka yi haƙuri. Ni na kawo ta, ni zan janye."

Alƙali ya tsawata aka yi shiru, sannan ya yi mata bayani dalla-dalla. In ta janye, zai kori ƙarar. Aure na nan daram, ba saki, ba idda, kuma ba wani ɗan'uwa da zai iya tayar da maganar a madadinta. Sannan lalurar mijin da ta gani da idonta ta yarda, ba za ta dawo gobe ta kafa hujja da ita ba. Ya tambaye ta ko wani ya tilasta ta. Ta ce babu. Aka kori ƙarar.

Yalwa ta koma Aliero da yaran, ta kama noman albasa a fadamar. Shekarar farko ta sha wuya. Hannunta ya yi kanta, rabin albasar ta ruɓe a rumbu don ba ta iya ajiya ba. Ta bi tsofaffin manoma tana tambaya har ta gane. Surajo kuwa, daga kwance ya riƙa kiran tsofaffin abokan tuƙinsa a waya, yana samo mata masu saye tun kafin a cire albasa.

Yau Yalwa na da rumbuna nata na kanta, manoma har daga Karaye ta ƙasar Maiyama suke zuwa sayen iri a wurinta. Ta saya wa Surajo keken guragu. Ranar kasuwar Aliero shi ke zama gaban buhuna yana ciniki, ita tana tsaye tana duba lodi, 'yan dako na kiranta Uwar Albasa.