Neman Jakar Kayan Ƙwallo Daga Mai Wurno Zuwa Suki

Ƙarfe biyar da minti ashirin na asubahin Talata na fito. Mutum uku ne a wurin: Alhaji Garba shugaban ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, da Sanusi mai tsaron raga, da matata Hajara a cikin zaure, riƙe da ƙunshin da zan tafi da shi.

Ga dalilin tafiyar, don wanda bai sani ba. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da kayan ƙungiya, kuma a buhun taki nake zuba su. Idan an juye takin a hawasha, wato gonakinmu da ke shan ruwan magudanar da muke kira tur'a, sai a kakkaɓe buhun a ba ni. Haka ƙauyukan nan duka suke yi. Juma'ar da ta wuce, ana tsakiyar wasa, ƙaiƙayi ya kama Sanusi a wuya da baya, ya bar raga yana susa da hannu biyu, aka zura mana ƙwallo biyu. Wasu 'yan wasa huɗu suka kwana da ƙuraje. Kwamiti ya yanke magana: ko in kawo jaka ta gaskiya kafin wasanmu da ƙungiyar garin Dindir na Juma'a mai zuwa, ko in miƙa makullin kaya ga wani.

"Malam Bello, ba wulaƙanci ba ne," in ji Alhaji. "Mutane ne suka yi magana."

"Na ji, Alhaji. Gobe da la'asar za ku gan ni."

"Kawu, don Allah a samo wadda ba ta cizo," in ji Sanusi.

"Rufe mini baki. Kai da ka bar raga kana rawa."

A aljihuna akwai takarda mai sharaɗi biyar. Na ɗaya, ta ɗauki kayan mutum goma sha shida. Na biyu, maratayinta ya zama mai ƙarfi. Na uku, zif mai manyan haƙora. Na huɗu, aljihun takalma daban. Na biyar, kada a sami ko huda ɗaya a jikinta, saboda ƙura. Ƙunshin kuwa kayan ne kansu, a cikin zanen gadon Hajara, domin ba a auna jaka da ido. An yi atisaye da su Litinin da yamma, aka ɗauraye a tur'a, na ninke nan take na ɗaure tam, yadda na saba.

Mai Wurno zuwa Sinnar

Hafila, ƙaramar motar haya, ba ta cika ba sai shida da minti biyar. Direba ya kama ƙunshin zai jefa saman mota.

"Sauke. A cinyata zai zauna."

"Ya hajj, zinariya ce?"

"Amana ce."

Kilomita goma sha biyar ne ko kusa da haka. Mun sauka bakwai saura minti ashirin. Ba zan rubuta kuɗin mota ba, domin kafin ku karanta ya canza. Na karya da ful, wato dafaffen wake, da man riɗi da burodi biyu, na sha shayi wurin wata mai shayi a bakin tasha, na jira kantuna su buɗe.

Kanti huɗu na shiga. Na farko jakunkunan makaranta ne. Na biyu akwatuna masu ƙafa, na tambayi mai su yadda ƙafar za ta yi da lakar gefen tur'a, na fita na bar shi da su. A na uku na ga wata baƙa mai sheƙi da rubutun Turawa a gefe, kuma gaskiya ta shiga raina. Mai kantin ya fara da Larabci, da ya ji harshena sai ya koma Hausa.

"Wagga ba ta da ta biyu a Sinnar, wallahi."

Na kwance bakin ƙunshin, na zuba kaya, na rataya a kafaɗa, na yi taku goma. Da na duba gindin maratayi sai na ga zare ya fara buɗe baki. Layi ɗaya ne kacal na ɗinki. Na sauke kafin in yi masa ɓarna.

"Ya zol, bawan Allah, jakar mutum ɗaya ce," in ji shi. "Kai kuwa ka zuba mata unguwa guda."

A na huɗu zif ɗin ya cije tun jakar ba komai a ciki. Na koma wurin mai kanti na uku, domin na ga yana da gaskiya a baki. Ya ce abin da nake nema ba a jirgi yake zuwa ba, sai an ɗinka. In tafi Suki, bayan kasuwa, in tambayi Baba Haruna mai ɗinka tamfol na manyan motoci.

Sinnar zuwa Suki

Na yi azahar, na hau boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ƙarfe ɗaya da kwata. Muka haye ta kan dam. A shingen bincike ɗan sanda ya duba katin shaidata, ya ce in buɗe ƙunshi. Ina kwancewa ya ja da baya yana toshe hanci.

"Me ya mutu a ciki?"

"Rigunan ƙwallo ne."

"To Allah ya jiƙan su. Wuce."

Mutanen mota suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce a raina zafin rana ne. Tafiyar kusan kilomita arba'in ce, gonaki dama da hagu, mun iso uku saura minti ashirin.

Suki

Na sami Baba Haruna a ƙarƙashin rumfa, kan keken ɗinki na ƙafa, tsoho siriri mai farin gemu. Muka gaisa har ya gano kakana. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, in karanta masa takardar. Na karanta ɗaya, ya gyaɗa kai. Biyu, uku, huɗu, haka. Ina karanta na biyar ya ɗauke ƙafa daga keke.

"Mi kac ce?"

"Kada a sami huda ko ɗaya."

Ya jawo ƙunshin, ya zaro rigar Sanusi, ya juya wuyanta ya kai ta rana. Baƙaƙen ɗigo ne jere a bakin ɗinki. Ni a da na ɗauka tabon ƙasa ne.

"Yaushe aka wanke?"

"Jiya da yamma."

"Yaushe ka ninke?"

"Nan take. Ba na barin kaya a warwatse, Baba."

"Shekara nawa kana haka?"

Na faɗa masa.

"To ɗana, buhu ya yi rabin laifi, kai ka yi rabi. Gishirin taki ba shi tashi sai ya sami lema. Wanga baƙin kuma ruɓa ce. Tamfol ɗin ga da kake gani, a naɗe shi da ruwa, sati guda ya mutu, balle riga. In na ɗinka maka jaka marar numfashi, mai tsaron ragarku zai yi susa har da ƙafa."

Raina ya ɓaci. Na ce ban zo neman karatu ba, jaka na zo nema. Ya ce to kasuwa na nan, ya mayar da ƙafarsa kan keke. Na ɗauki takardata na tafi bakin kogi. Minti ashirin na yi a tsaye. Na lissafa: a shekara goma sha ɗaya ba a taɓa ɓatar da safa ɗaya a hannuna ba, kuma ba a taɓa shanya riga ɗaya ta bushe sarai ba, domin ni nake hanawa. Na ciro biro na soke na biyar, na dawo na nuna masa.

"Tamam," in ji shi. "Yanzu sai mu yi aiki."

Ga yadda muka tsara. Jiki koren tamfol, ƙasa ninki biyu. Ƙarshenta biyu, dama da hagu, raga mai kauri, iska ta shiga nan ta fita can. Maratayi daga bel ɗin kujerar mota, kuma ba a gefe za a liƙa shi ba, zai zagaye ta ƙarƙashin jakar gaba ɗaya, ɗinki layi uku. Zif na tanti. Aljihun takalma a waje. Ya ce in dawo da safe.

Na sauka gidan Isa, ɗan ƙanwar mahaifiyata. Kafin in zauna na nemi sabulu da bokiti, na wanke riguna da wanduna da safa, na jera su a kan dangarsa tun da sauran rana. Matarsa ta ce gidan ya koma kasuwar gwanjo. Muka ci kisra, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa da soyayyen kifi.

Laraba

Takwas da rabi na iso rumfa da busassun kaya. Na zuba, komai ya shiga, har famfon hura ƙwallo. Baba ya sa na rataya na je ƙarshen kasuwa na dawo. Sannan ya rataye ta a ginshiƙin rumfa, ya kama ta da hannu biyu ya ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa. Zare bai motsa ba. Na biya shi, na yi godiya. Na bar Suki goma da minti goma, Sinnar sha biyu saura kwata, Mai Wurno ƙarfe ɗaya daidai.

Bayan la'asar kwamiti ya zauna a bakin fili, 'yan wasa a tsaye. Jaka ta zagaya hannu hannu, kowa na jan zif.

"Shi ke nan," in ji Alhaji. "Buhu ne mai laifi, mun rabu da shi."

Da na yi shiru, da an tashi a haka. Amma na miƙe. Na faɗi abin da Baba Haruna ya nuna mini, ban rage ba, na ce ƙurajen nan da hannuna a ciki tun shekarar farko. Na ciro makulli na ajiye a kan tabarma gaban Alhaji. 

"Ashe kai ne kake cizon, Kawu," in ji Sanusi.

Aka fashe da dariya, har da Alhaji. Da ya gama sai ya dubi sauran dattawan ɗaya bayan ɗaya, ya tura makullin da yatsa zuwa gabana.

"Ɗauki kayanka, Malam Bello. Wanda za mu ba sai ya yi shekara goma sha ɗaya kafin ya san abin da ka sani jiya."

Na ɗauka. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Baba Haruna, da Isa da iyalinsa, da mai kantin da ya nuna mini hanya bai sayar mini da komai ba.

Saura abu ɗaya. Daga yau riga ba za ta shiga jakar nan ba sai ta bushe, kuma bakin filinmu babu wurin shanya. Ina neman igiya mai gaba goma da sanduna uku dogaye. Kai da kake karanta wannan, idan kana da su, kawo su bakin fili gobe Alhamis ƙarfe huɗu da rabi. Kada ka aiko. Ka zo da kanka, da diga, mu kafa.